Rasuwar Kuben Libarbar Insfekta Siddiƙu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙugu da ya wayi gari fayau ba nauyi, ni Insfekta Siddiƙu Hashim na Ƙofar Taramniya nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki, har da waɗanda na taɓa kamawa muka shirya, rasuwar aminina, kuben ƙaramar bindigata libarba. Ya cika ranar Laraba da hantsi, a rataye jikin ƙusa, bayan jinyar da ba ta yi tsawo ba amma ta yi abin kunya.

An haifi marigayin a rumfar Illo baduku, daga fatar jar akuyar Sakkwato, tun ina ƙaramin ɗan sanda mai siririn ciki. Illo ya jiƙa fatar, ya ɗinke ta a jikin bindigar kanta, ya shanya. Da ta bushe sai ta ƙanƙame, ta kama bindigar tamau. Na koma da ƙorafi, na ce kube ya matse. Illo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce: "Ranka shi daɗe, na ga yadda kaka ciniki. Bar shi hakanan." Ban fahimci maganar ba, na tafi ina ƙunƙuni.

Kowa a garin nan ya san ni da zuciyar kusa. Idan na hau, kunnuwana ba sa ji. To marigayi shi ne mai haƙurin cikinmu. Kafin ka fitar da bindiga daga cikinsa sai ka ɓalle maɓalli, ka shaƙe numfashi, ka tura tumbi gefe, ka ja da hannu biyu kana karkata kamar mai cire ƙaya. Kafin a gama wannan hidima, wanda ya ɓata maka rai ya ba da haƙuri, ko ya gudu, ko kai da kanka ka fara jin kunyar jama'a. Haka muka yi aiki shekara da shekaru ban taɓa nuna wa ɗan Adam bakin bindiga ba. Mutane na cewa Insfekta ya iya sulhu, ni kuwa ina karɓar yabon ba tare da na yi musu ba. Saura 'yan watanni in yi ritaya, kuma babban burina in mayar da bindigar nan ma'ajiyar makamai ba ta san jinin kowa ba.

Ba zan manta muryarsa ba. Da safe in na ɗaura ɗamara sai ya ce ƙiiƙ. In na zauna kan benci ya ce ƙuuƙ, kamar mai tuna mini na ƙara ƙiba. Maɓallinsa kuwa ƙyas ɗaya yake yi, ba ya maimaitawa. Ya sha gumin bazara, ya sha ruwan damina, ya sha miyar da ta zuba masa a wajen walima, bai taɓa kai ƙarata ba.

Ciwon ajalinsa ya faro ne daga tausayi. Maiɗakina Ummulkhairi ta gaji da ganina ina kokawa da shi duk lokacin da zan goge bindiga. Ita kuwa a wajenta babu taurin da man shanu ba ya magani, daga kaushin ƙafa har tsohon takalmi. Ina barcin rana ta ɗauke shi, ta mulke shi ciki da waje da man shanu mai kyau, na Fulanin Wamakko, ta ajiye a rana ya tsotsa. Da na tashi ta miƙo mini shi yana sheƙi, ta ce: "Ga shi nan na gyara maka. Yanzu ko ɗan yaye shina iya zare ta." Wallahi gaskiya ta faɗa.

Alamar farko ta bayyana a gidan surukina. Na durƙusa gaishe shi cikin ladabi, sai bindiga ta sulale salin-alin ta kwanta kan tabarma, tsakanin butarsa da ƙwaryar furarsa. Tsoho ya dubi bindiga, ya dube ni, ya ce: "Siddiƙu, in wani laifi ɗiyata ta yi, ai sai mu yi magana." Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ƙannen matata ba su daina ɗaga hannu sama in na shigo ba.

Na rataye majinyacin a ɗakin ajiya ko zai sha iska ya farfaɗo. Ashe ƙanshin man ya riga ya zagaya gidan. Ɓeraye suka zo dubiya, su da 'ya'yansu. Da na leƙa ban tarar da komai ba sai maɓalli da ɗan guntun madauri yana lilo.

Marigayin ya rasu ya bar mata ɗaya, wato libarba, wadda yanzu take takaba a ma'ajiyar makamai. Ya bar harsasai biyar, duk tuzurai, waɗanda suka tsufa a ɗaki ba wanda ya taɓa fita ko ƙofar gida. Ya bar ƙanensa, ɗan zoben fatar da aka naɗe mariƙin bindigar da shi saboda santsin gumi, uwarsu ɗaya akuyarsu ɗaya. Sai ɗamara, wadda ramukanta suka ƙare tun bara.

Masu neman gadon kujerarsa sun fara layi tun ba a share makoki ba. Abokin aikina Faruk ya kawo wani na roba, baƙi, wai ana danna shi bindiga ta faɗo hannu kafin ƙiftawar ido. Na ce Faruk, abin da nake tsoro ke nan. An kawo na ratayawa a hammata, na ce a zafin Sakkwato ko maƙiyina ba zan ajiye a can ba. An kawo na ɗaurawa a ƙwauri, wanda zai sa duk sahun alwala su san sirrina. Duk na sallame su, na koma wajen Illo. Ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce sai an jeme fata, a jira. Na roƙe shi wannan karon ya ƙara matsewa.

Game da jana'iza, na tuntuɓi Malam Sa'ad, limamin unguwarmu. Ya ce fata ce, ba a yi mata salla, kuma in daina ɓata masa lokaci. Saboda haka za a binne abin da ɓeraye suka rage ranar Asabar bayan la'asar, a gindin dogonyaron ƙofar gidana. Za a karɓi gaisuwa a zaure. Akwai shayi, akwai masa, amma ba za a sa man shanu a komai ba, kuma Ummulkhairi ta roƙi a daina tambayarta yadda aka yi.

Roƙo ɗaya iyalan mamaci suke yi. Ranar Litinin zan koma aiki, kuma dole a ba ni bindiga da kuben aro, irin mai saurin nan. Daga ranar har Illo ya gama ɗinki, duk wanda ya ga idona ya yi ja, hannuna ya nufi ƙugu, don Allah kada ya tsaya kallo. Ya riƙe mini hannun da ƙarfi, kada ya saki ko na zage shi, har sai na huce. Mai yi mini wannan aikin ya riga mu gidan gaskiya.