Malafar da Za Ta Kunyata Alƙalan Tsere

"Bana sai alƙalan nan sun sha kunya a gaban duniya, kuma ni Onodera Genzo ni zan shayar da su da hannuna."

Haka gogan ya faɗa a shagon taliyar da ke bakin tashar jirgin ƙasa, yana dukan tebur har romo na tsalle daga kwanuka. In ba ka san Onodera ba, abokina, to ba ka taɓa zama a kwanar ƙarshe ta filin tseren garinmu ba. Tsohon mai shagon taya ne, gajere, mai tumbi, da murya irin ta motar da salansarta ta fashe. Shi ne shugaban 'Yan Kwanar Ƙarshe, wato tsofaffin masoya tseren motoci da suke zama a benci guda shekara da shekaru, suna cin curin shinkafa suna gyara wa direbobin duniya tuƙi. A bayan idonsa Alƙalin Alƙalai ake ce masa, don ba a taɓa yanke hukunci a tsere ba, daga nan har Turai, da ya yi masa daidai. Mota mafi gudu da ya taɓa tuƙawa kuwa ita ce 'yar akori-kurar da yake kai wa mutane taya.

Amma a yi masa adalci, fushinsa yana da dalili. Bara ɗanmu Nagamine, direba tilo daga ƙasar nan, ya zo na uku. Ya hau dandamali, muka yi ihu har muryoyi suka dishe, tsofaffi suka share hawaye. Sai da muka shiga jirgin komawa gida sannan labari ya iso cewa alƙalai sun sake kallon hoto a ɗakinsu mai sanyi, sun ce tayarsa ta taka farin layi, sun karɓe kofin. Ga kuma shirmen da aka cika wajen da shi yanzu: mawaƙa, 'yan rawa, wasan wuta da rana tsaka, da 'yan fim da ba su san gaban mota da bayanta ba. Kowa a ƙungiyar yana jin zafin abin, amma Onodera ne ya mayar da shi sana'a.

Matsalar ita ce zaɓen shugaba yana tafe, da an gama tseren bana, a wannan shagon. Kuma Tsujimoto likitan haƙori, mai sanyin murya da murmushi kamar zai cire maka haƙori kyauta, ya daɗe yana hararar kujerar.

"Onodera-san," in ji likita, ya haɗa masa da san ɗin girmamawa irin namu, yana hura shayinsa, "ai bara ma haka ka ce. Bara waccan ma haka."

"Da can ban shirya ba. Bana na shirya. In duniya ba ta karanta saƙona ba, likita, kujerar taka ce, ka haɗa da tutar ƙungiya."

Likita ya juya ya roƙi jama'a su zama shaida, cikin ladabi kamar mai neman a miƙo masa gishiri. Kowa ya ɗaga kai.

Dabarar gogan a kan hula ta ta'allaƙa. Ka san mu nan ba a zuwa babban tsere da kai tsirara. Kowa ƙera abarsa yake yi, wani mai siffar mota, wani mai siffar taya, kuma masu kyamara ba abin da suke so kamar su haska waɗannan huluna a babban allo. Masu gadin ƙofa kuwa duk ƙyallen da aka rubuta zagi a kai ƙwacewa suke yi. Don haka Onodera ya rufe kansa a tsohon shagonsa da kwali da gam da fenti, ya ƙera wata ƙatuwar malafa mai fiffiken bayan motar tsere, faɗinta ya fi ƙarfin ƙofar ɗaki. A gaban fiffiken ya yi marfi, a ƙarƙashin marfin ya rubuta da harshenmu da na Turawa: ALƘALAI MAKAFI, KU DAWO MANA DA TSERE. Ya saƙala zare ya biyo ta hannun riga. Da kyamara ta zo kansa zai ja zare, marfi ya buɗe, duniya ta karanta, alƙalai su nemi ramin ɓuya.

Matarsa Fusae ta kawo masa abinci, ta tsaya ta ƙare wa malafar kallo.

"Baban yara, kai ne za ka zagi mutum a gaban jama'a? Kai da ko a waya kake magana da banki sai ka yi ta rusuna wa bango?"

Ya ce mata wannan ladabin ciniki ne, yanzu kuwa yaƙi za a yi, kuma harkar tsere ba ta mata ba ce. Ta ce to, ta ajiye masa abincin, ta tuna masa ya tafi da maganin hawan jininsa.

Ranar tsere tun a jirgi malafa ta fara nuna hali. Sai a karkace ya shiga, fiffike ya kwashe gilashin idon wani dattijo, ya juya zai ba da haƙuri ɗaya gefen ya mari wata mata. Kafin a iso fili ya ba rabin taragon haƙuri. A ƙofa mai gadi ya yaba aikin hannun, ya nemi su ɗauki hoto tare. Gogan ya wuce yana wa 'yan ƙungiya ƙifce, wai su ga yadda ake yaudarar hukuma.

Aka zauna a kwanar ƙarshe. Ba a tashi tsere ba tukuna, 'yan rawa ne ke ta tsalle a babban allo, Onodera yana ta tsaki yana kiran su 'yan tallan alewa. Can sai allon ya canja. Ga benci, ga likita, ga wata ƙatuwar malafa, ga fuskar Alƙalin Alƙalai ta cika allo har ana ganin gashin hancinsa. Filin gaba ɗaya ya ɗauki tafi.

To a nan ne aka samu matsala. Mutumin da aka haifa a ƙasar nan, dubban mutane su tafa masa, wuyansa ba ya jiran izininsa. Onodera ya miƙe, ya haɗe ƙafafu, ya rusuna har ƙasa, kuma a daidai lokacin hannunsa ya tuna da aikinsa ya ja zare. Marfi ya buɗe yana kallon ƙasa. Babu wanda ya karanta saƙon sai sanƙon mutumin da ke zaune a gabansa. Da ya ɗago, marfin ya faɗo da nauyinsa ya rufe. Jama'a suka ga fiffike yana buɗewa yana rufewa kamar na motar gaske, tafi ya ninka. Tafi na ninkawa gogan ya sake rusunawa, ya sake jan zare. Ya ɗago, ya rufe. A karo na gaba zaren ya tsinke ya bar masa guntu a hannu.

"Wannan rusunawa ta yi kyau ƙwarai, Onodera-san," in ji likita bayan allo ya koma kan 'yan rawa. "Na tabbata alƙalai sun girgiza."

Ana cikin haka sai ga wata budurwa cikin rigar ma'aikata, da abin magana a kunne, ta zo ta rusuna. Ta ce malafarsa ce ta zo ta ɗaya a gasar huluna ta bana, ana gayyatarsa dandamali yanzu-yanzu, kuma shugaban alƙalan tsere da kansa ne zai miƙa kyautar, don masu shirya biki suna so a ga alƙalai na kusa da 'yan kallo. Nan take ran Onodera ya dawo. Ya dubi mutanensa ɗaya bayan ɗaya.

"Kun gani? Duk cikin shiri ne. Rubutu ai na matsorata ne. Yanzu ido da ido zan gaya masa, a makirfo, har sai kunnensa ya yi ja. Ku dai zuba ido a allo."

Suka zuba. Aka hau da shi dandamali tsakanin 'yan rawa, hayaƙi mai launi na tashi, ganguna na tashi. Shugaban alƙalan ya fito, wani dogon Bature mai furfura, wanda Onodera ya shekara yana tsine wa hotonsa a talabijin. An koya wa Baturen al'adarmu a jirgin sama, don haka ya tsaya ya rusuna, ya zaro katin sunansa ya miƙa da hannu biyu. Wanda aka miƙa wa kati da hannu biyu kuwa da hannu biyu yake karɓa, ya karanta, ya nuna ya ga girman mai shi. Kafin Onodera ya farga ya karɓa, ya karanta, ya rusuna ƙasa da Baturen, har ya ba da haƙuri cewa bai taho da nasa katin ba. Mai gabatarwa ta kara masa makirfo a baki, ta tambaye shi ko yana da saƙo ga alƙalai a madadin 'yan kallo.

Zagin da ya haddace yana nan cike da ƙirjinsa. Ya buɗe baki, ya ga idon Bature a kansa, ya ga kyamara, ya tuna duk tsofaffin kwastomominsa suna kallo, har da surukarsa a ƙauye. Muryar salansa ta koma ta ɗan tsako.

"Sannunku da aiki," in ji shi. "Kullum muna ba ku wahala. Mun gode da kulawa."

Aka fassara wa Bature, ya ji daɗi har ya rungume shi. A kwanar ƙarshe kuwa likita ya buɗe kwalin abincinsa ya fara ci a nutse.

Kyautar kuwa ita ce kallon tseren daga ɗakin manyan baƙi. Onodera ya so ya zille ya koma bencinsa, amma budurwar ta ce an riga an shirya masa kujera, ƙin zuwa zai jawo mata faɗa wajen manyanta. Ya bi ta. Ɗakin gilashi ne, ba a jin ƙarar inji ko kaɗan, baƙin duk sun juya wa hanya baya suna hira da kofuna a hannu. Fiffike ya hana shi matsawa kusa da taga, kuma an roƙe shi kada ya cire malafar saboda hotuna. Aka zaunar da shi kusa da wata 'yar fim, ta tambaye shi ko jar motar can ce ke cin wasan tunda ta fi kyau. Baƙin ciki ya tokare shi, yunwa ma ta tokare shi, ya jawo farantin kek.

A waje kuwa ana tseren da ba a taɓa gani ba. Nagamine ya biyo na ɗaya zagaye bayan zagaye, ya liƙe masa, kuma kowa ya san a ina zai gwada wucewa: a can ƙarshen doguwar miƙaƙƙiya, inda 'Yan Kwanar Ƙarshe ba sa hangowa sai ta allo. Zagayen ƙarshe ya zo. Motocin biyu suka jera kafaɗa da kafaɗa, filin duka ya miƙe tsaye, tsofaffi suka riƙe hannun juna. A daidai nan mai sarrafa hotuna ya ga lokaci ya yi da za a nuna 'yar fim. Allo ya juya ɗakin gilashi, ga ta tana ɗaga hannu, ga shugaban 'Yan Kwanar Ƙarshe a gefenta, kumatu cike da kek, farin kirim a gashin baki, ya ga kansa a talabijin ɗin bango yana neman inda zai ajiye faranti. Da hoto ya dawo kan hanya Nagamine ya riga ya wuce. Ɗanmu ya ci tsere a gida, karo na farko, kuma abin da duniya ta gani a wannan daƙiƙar bakin Onodera ne yana tauna.

Da yamma aka taru a shagon taliya. Gogan ya shigo a karkace saboda malafar, ya zauna a bakin ƙofa, kunya ta hana shi ɗaga ido. Ya yi ƙoƙarin cewa ai ko banza yanzu yana da katin shugaban alƙalai, zai iya kiransa ya wanke shi tas a waya. Wani daga can baya ya ce a taimaki bango, don shi zai sha rusunawa in aka fara wannan wayar. Ba a daɗe ana zaɓe ba, hannuwa suka tashi gaba ɗaya, aka ɗauko tutar ƙungiya daga bayan Onodera aka jingina ta a bayan likita.

Sabon shugaba ya miƙe ya gode wa kowa. Ya ce bai dace a bar mutum mai baiwa irin tsohon shugaba ba muƙami ba, kuma yau duk duniya ta shaida inda baiwarsa take.

"Saboda haka, Onodera-san, ƙungiya ta naɗa ka sakataren nishaɗi. Bikin ƙarshen shekara yana hannunka. 'Yan rawan nan da kuka hau dandamali tare, tunda kun saba, ka yi mana magana da su."