Rasuwar Wayar Ɗayyabu Sakatare, Uwar Mutum Uku

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga abin da Allah Ya hukunta, gidan Malam Ɗayyabu Sakatare na Doguwa ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar wayarsa, baƙa, mai faɗin fuska, wadda ta cika a kan teburin mai gyara a kasuwar Tudun Wada, bayan gajeriyar rashin lafiya da ta same ta a cikin rijiya.

Marigayiya ta shigo hannun Malam Ɗayyabu a shekarar da aka zaɓe shi sakataren ƙungiyar ci gaban garinsu, wadda rabin 'ya'yanta ke zaune a Kano da Kaduna da Abuja, ba su da dandali sai imel. An shaide ta da riƙon amana. Ba ta taɓa buɗe fuska ga kowa ba sai ga babban yatsan mai ita. Amma mafi girman halinta shi ne, a cikin manhajar wasiƙu guda ɗaya ta goyi mutum uku, ba ta taɓa haɗa kayan wani da na wani ba.

Na fari shi ne Ɗayyabun da kowa ya sani, mai aika sanarwar taro. Na biyu Dokta Bature, wai ɗan gari ne da ya daɗe a Turai, mai kaifin alƙalami. Ta uku Hajiya Maijidda, wai bazawara ce a Abuja, mai taushin lafazi. Babu wanda ya taɓa ganin waɗannan biyun, domin a aljihun Sakatare aka haife su. Kowanne da adireshinsa, da sa hannunsa, da kukansa. In saƙo ya zo wa Sakatare, marigayiya kan ce "ƙil". Na Dokta "gau", kamar an bugi tasa. Na Hajiya kuwa "kurrr-kuk", irin na kurciya.

Babban aikin da ta yi a rayuwarta ya shafi Malam Wada, tsohon hedimasta, shugaban ƙungiya, aminin Ɗayyabu tun suna samari. Kujerarsa Ɗayyabu ke so. Da matar Malam Wada ta rasu, Hajiya Maijidda ta aiko masa da ta'aziyya mai ratsa jiki. Ya amsa, ta amsa. Tsoho ya sami wurin ajiye zuciya. Ya gaya mata idonsa na dushewa, har takardun taro haddace su yake yi. Ya gaya mata ɗansa Kamaluddeen ya faɗa shaye-shaye, an kai shi wurin magani a ɓoye. Ba a jima ba Dokta Bature ya rubuta wa duk 'yan ƙungiya cewa wanda bai ga ɗansa yana lalacewa a tsakar gidansa ba, yaya zai ga hanyar da gari zai bi?

Malam Wada ya zo zauren Ɗayyabu idanu jawur.

"Ɗayyabu, wa ya gaya wa wannan bawan Allah? Mutum ɗaya na faɗa wa, ita kuwa na rantse ba za ta yi mini haka ba."

"Mutane sai Allah, Malam. Faɗi amsarka in rubuta maka."

Marigayiya ta ɗauki amsar ta aika, nan take kuma ta ce "gau" a hannun mai ita. Ɗayyabu ya ce ƙararrawar shan magani ce. Malam Wada har sannu ya yi masa.

An sauke Malam Wada, an ɗora Ɗayyabu. Ranar, Hajiya ta aika wa tsohon da kalmomin haƙuri masu kyau. Bayan nan hawan jini ya kayar da shi, hannunsa na dama ya shanye.

Ciwon ajalin marigayiya ya fara ne ranar da sabon shugaba ya je dubiya. Ya tarar da Bushira, babbar 'yar Malam Wada, ungozoma a Tudun Wada, zaune a bakin gado. Tsoho ya miƙa mata wayarsa, cikin jin nauyi ya ce ta rubuta wa wata baiwar Allah cewa yana samun sauƙi. Bushira ta rubuta ta aika. Aljihun Ɗayyabu ya ce "kurrr-kuk". Tsoho ya ce a ƙara mata da gaisuwar yara. Aka aika. "Kurrr-kuk." Bushira ta ɗaga kai. Ba tare da ta daina kallon Ɗayyabu ba, ta aika ɗigo ɗaya tal. Marigayiya, wadda ba ta taɓa ƙin amsa kira ba, ta amsa.

Ɗayyabu ya ce ya tuna ya bar awaki a sake. Bushira ta biyo shi har ƙofar gida.

"Kawu, ara mini wayarka. Ko in ce Hajiya?"

Akwai rijiya a wurin. Malam Ɗayyabu na son a sani cewa hannunsa ne ya yi santsi. Kalmar marigayiya ta ƙarshe ita ce "tsulum".

An ciro ta da ƙugiya, an binne ta cikin buhun shinkafa, an garzaya da ita wurin mai gyara. Ya buɗe cikinta, ya hura, ya goge, ya ce sai haƙuri.

Abin da ya ƙara wa mai ita zafi shi ne sadaukarwar ta tafi a banza. Ashe tsohuwar wayar da ya bai wa matarsa Saudatu don sauraren karatu, bai fitar da ko ɗaya daga adireshin nan uku daga cikinta ba, duk wasiƙar da ta shiga marigayiya tana sauka nan ma. Saudatu ba ta taɓa leƙa wurin ba sai da Bushira ta zo ta nuna mata. Suka zauna a gindin murhu suka karanta kaf. Kafin la'asar duk 'yan ƙungiya sun karanta su ma.

Marigayiya ta bar marayu uku, waɗanda ba wanda ya san kalmar sirrinsu sai ita, lambar ceto ta sake buɗe su kuma tana zuwa ne ta layin da ya jiƙe tare da ita. Ta bar caja ɗaya mai ɗaure da roba, da riga mai tsagaggen gefe. Ta bar tsohuwar yayarta, wadda yanzu ke Kiru tare da Saudatu a gidan iyayenta. Ta bar mai ita, wanda ƙungiya ta karɓe wa kujera, yana kuma lalubar aljihu duk sanda kurciya ta yi kuka a kan darbejiya.

An tuntuɓi Malam Lado limami a kan ko akwai addu'ar da ta dace. Ya ce waya ba ta da hisabi, mai ita ke da shi.

Za a binne ta ranar Asabar bayan la'asar, a bayan rumbun gidan. Ba a buƙatar masu ɗaukar makara, mutum ɗaya ya isa. Za a yi zaman makoki a zaure, tabarma a shimfiɗe take, wuri kuma akwai shi da yawa. Masu zuwa daga nesa da za su biya ta gidan Malam Wada, a sani cewa likita ya hana a tayar masa da hankali, don haka ba a gaya masa komai ba. In ya tambaye ku ko Hajiya ta rubuto, ku ce masa ta yi tafiya, tana gaishe shi.