Nomau da Tuwon da Aka Daina Ci

A bakin tashar wani ƙauye da kwalta ta ratsa, akwai Tasalla mai tuwo da ƙanenta Nomau. Mijinta ya rasu, ba ɗa ba jika, sai wannan ƙane da furfura ta riga hankali isowa kansa. Abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Rumfar tuwon nan ita ce cinsu, ita ce suturarsu. Ana nan sai aka buɗe wani gidan abinci mai gilashi a tsallaken titi, ana soya shinkafa da kaza a zuba a roba, 'yan acaɓa su kai wa mutum har ɗaki. Bencin Tasalla ya koma wurin kwanan awaki.

Wata rana ta ce, "Nomau, mutanen yanzu ba sa zuwa wurin abinci, abinci ke bin su. Ɗauki kwanon nan ka bi su har gida." Nomau ya ɗora kwano a ka, ya zaɓi wani mai keke, ya bi shi a guje har ƙauyen gaba. Mutumin ya faɗa gida ya danno ƙofa don tsoro. Da la'asar Nomau ya dawo, tuwo ya sandare, miya duk ta ƙare a wuyan rigarsa. Ya ce, "Na bi shi, Yaya. Har gida."

Wata rana za ta kai niƙa, ta ce, "Wai yanzu ba a cin abinci sai an ɗauki hotonsa a waya. Wanda ya zo, ka bari ya ɗauka kafin ya ci." Sai ga Malam Bawale, tsohon direba, cikin 'yan tsirarun da suka rage mata. Ya wanke hannu ke nan Nomau ya dafe kwano.

"Sai ka ɗauki hoto, Baba."

"Wayata ba ta hoto, ɗan nan."

"To ba ka ci."

Tsoho ya share hannu a riga, ya tsallaka titi yana jan ƙafa. Tasalla ta iso daidai ƙofar gilashi na rufewa a bayansa, abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Wata rana ta ce, "Je ka leƙo yadda suke tarbar mutane, ka zo ka yi haka." Ya wuni manne da gilashi. Kashegari wasu fatake suka yi sallama, suka tambayi gida da gajiya. Nomau ya ƙura wa tafin hannunsa ido yana shafawa da yatsa, yadda ya ga yarinyar da ke tarbar mutane a can na yi da wayarta, bai ce uffan ba. Fatake suka dubi juna suka wuce. Ya ce, "Can ba a gaisawa, Yaya. Na lura da kyau." Wannan kam ba a ga laifinsa ba, abin da ya gani ya kawo.

Wata rana hantsi ya yi, azahar ta wuce, ko malmala ɗaya ba a taɓa ba. Tasalla ta watsa wa murhu ruwa, ta zauna a ƙasa. Ba ta san abin da za su ci daga gobe ba, ba ta kuma san wanda zai riƙe Nomau ba in ta gaza. Ta ce cikin ɗacin rai, "Na gama. Masu cin tuwona duk suna kwance a asibiti. In za ka iya, kai musu can."

Ya iya. Ya ɗora tukunya a baro, ya tura har asibitin gari. Can ya tarar da tsofaffin da likita ya hana maiƙo, da masu jinya zube ƙarƙashin bishiya, kowa ya gaji da shayi da burodi. Suna jin ƙanshin daddawa suka yo kansa da kwanuka. Wata tsohuwa da ta ƙi abinci tun da aka kwantar da ita ta ci har tana suɗe yatsa.

Ya dawo da tukunya fayau. Tasalla ta leƙa ciki, ta ɗago ta dube shi.

"Sun ce gobe ma, Yaya. Amma Baban da ke gadon bakin taga ya ce kada ki sa da shi, bai tabbata zai kai goben ba."

Hawaye suka zubo wa Tasalla. Sannan ta tashi ta jiƙa dawa, ta ƙara da rabon Baban bakin taga.