Alif Ɗin da na Bari a Gida

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka cire tallafin mai ba, don a cikinta na zubar da girmana a gaban farfesoshi.

Hajara ɗalibata ce tun tana 'yar shekara bakwai, a makarantar allonmu ta kusa da tashar jirgi. Ta girma ta zama babbar farfesa, ɗalibanta ma sun zama daktoci. Da za a karrama ta a nan Minna, sai ta ce ni zan gabatar da ita a madadin mahaifinta, Allah Ya ji ƙansa.

Aka aiko mini da tarihinta a rubuce da boko. Ina karanta boko, amma ban yarda da shi ba, don haka na zauna na juye shi zuwa ajami. Takardar ta ce shekara talatin tana binciken ƙwayoyin gado, ta gano abin da ke sa wasu barci, wasu kuma su farka su kama aiki.

To, boko bai raba gadon da ake ci da gadon da ake kwanciya ba. Ajami kuwa sai ka zaɓa: na iyaye da alif, na kwanciya babu. Na ga barci, na ga farkawa, na rubuta shi babu alif. (Ban tambayi kowa ba. Ni ake tambaya.)

Ranar taro na yi bisimilla, na yi salati, sannan na shaida wa jama'a cewa 'yar nan ta sadaukar da rayuwarta wajen yaƙi da kuɗin cizo. Na ce duk wanda ya taɓa kwana a tsohuwar katifa ya san darajarta. Har na kawo labarin wani masauki a Zungeru. Da na ga kawuna a sunkuye, kafaɗu na rawa, na ɗauka jawabin ne ya ratsa su, sai na ƙara.

Da Hajara ta karɓi abin magana, ta gode mini, ta bayyana a natse cewa aikinta kan abin da ɗa ke gada ne a jikin iyaye, da yadda jiki ke kunna wani ya kashe wani. Da ta zo kan kalmar gado, ta ja ta sosai. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi.

Bayan an tashi ta zo ta durƙusa. Ta tuna mini ranar da ta tsallake alif a allonta, na sa ta maimaita sau arba'in a gaban yara tana kuka.

"Allah gafarta Malam, ni ba zan ce arba'in ba. Ɗaya ta isa."

Na gyara murya na ce, "Gaado."

Ta ce shi ke nan, ta yafe. Tun daga ranar, in ɗalibi ya manta alif, a kunne nake gaya masa.