Rasuwar Daftarin Motocina a Kaskon Inna Huseina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai ɗaci kamar na wanda ya tsotsi tiyon mai, ni Alhasan ɗan Attahiru, mai lori uku a garinmu na bakin kogi kusa da Sinja, nake sanar da 'yan'uwa, direbobi da makanikai rasuwar Daftarin motocina. Ya cika ranar Laraba da hantsi yana da shekara goma sha ɗaya, bayan jinyar kwana arba'in da kowa a unguwa ya sani sai ni.

An haifi marigayin a kantin wani mai takardu a Wad Madani a shekarar 1957. Baƙin bango gare shi, da shafi ɗari biyu. Tunda nake da shi bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ya san ranar da aka juye baƙin mai a kowace mota, ya san ranar da aka sa giris, ya san tayar da ta sha faci uku tana neman na huɗu. Takardun harajin mai kuwa da ƙaro na liƙa masa su a jiki, ɗaya bayan ɗaya, kowace da hatiminta. Duk shekara in mun je sabunta ruhsa, takardar da babu mota mai hawa titi sai da ita, shi ne yake magana a gaban mufattish, jami'in duba motoci, ni nawa tsayuwa.

Ba shi da surutu. Muryarsa ɗaya ce, "ƙwas!", ƙarar robar tib da nake ɗaure shi da ita. Amma wannan "ƙwas" ta isa ta faɗar da gaban ƙanena Jibirin, direban babbar motar, mutumin da ya ɗauki giris abokin gabarsa.

Ciwon ajali ya samo asali ne daga ranar da na tafi Abu Na'ama kwasar riɗi. Na danƙa wa Jibirin marigayin ya kai shi Madani a buga masa hatimin bana. Ya kai shi, an buga. Sai ya cusa shi ƙarƙashin kujerarsa tare da tsumman mai da ɓawon gyaɗa. A hanyar dawowa ya ɗauko Inna Huseina, 'yar'uwar mahaifinmu da ta goye mu duka biyu, daga kasuwar Sinja. Taya ta fashe, ya ɗaga kujera neman sifana, idon Inna ya faɗa kan Daftari. Ita ba ta karatu, amma ta san bismilla in ta gan ta, ni kuwa kowane shafi da ita nake buɗe shi, komai na ciki kuma da baƙin Larabci yake.

An ce salati ta yi, ta ce, "Kai ɗan nema! Wanga littafe da sunan Allah bisa kai, shi ka aje ƙarƙashin mazauninka? Shi ya sa taya ta fashe." Ta naɗe shi a mayafinta ta tafi da shi gida.

Jibirin ya san abin da ke ciki sarai. Ƙato mai gemu, ya ga an ɗauke mai tona masa asiri, ya yi lamo kamar bai gani ba. Tir da wannan hali, kuma na faɗa masa ido da ido.

Inna ta ajiye marigayin bisa rumbu cikin ƙwarya, har tana fesa masa turare. Da abin ya tsaya nan, da na gode mata. Sai gwiwarta ta tashi. Ta ce in malam yana rubuta takarda a ƙona a shaƙi hayaƙin a warke, ina ga littafi guda mai hatiman hukuma? Ta yagi shafi ɗaya ta jefa a kaskon wuta, ta lulluɓa da zane. Kashegari wai ta taka har bakin kogi.

Daga nan marigayin ya soma ramewa. Mairama maƙwabciyarta ta karɓi shafi biyu saboda tari. Mai ciwon haƙori ya zo, mai jiri ya zo, har daga ƙetaren kogi ake shigowa kwale-kwale. Abdussalami mai kanti, wanda ya iya karatu sarai har yana karanta wa mutane jarida, ya karɓi shafin da na rubuta ranar canza kafiretar motata Tsohuwa, ya turara jakinsa da shi. Da na tambaye shi, cewa ya yi, "Ya zol, bawan Allah, ai na gani, amma jakin ya miƙe." Shekara goma sha ɗaya ta giris da baƙin mai ta bi hancin mutanen unguwa, kuma kowa sai sa albarka yake.

Na dawo ranar Laraba na tarar da marigayin saura shafi ɗaya, na ƙarshe, mai hatimin bana. Da wannan kaɗai ma zan iya tsayawa gaban mufattish in roƙi arziki. Sai dai ina ganin yadda ya koma, kaina ya sara, duniya ta juya, na zube a tsakar gidan Inna. Da na farfaɗo na ji ni lulluɓe da zane, hayaƙi ya cika mini hanci, Inna tana riƙe da ƙeyata tana cewa, "Shaƙa da kyau, ɗana. Wagga ta ƙarshe kai na ɓoye ma, don ita ta fi hatimi."

Abin da ya fi ba ni haushi, kuma dole in faɗi gaskiya tunda sanarwar mutuwa ce, ciwon kan ya tafi.

Marigayin ya bar bango biyu, da robar tib, da guntun fensir. Ya bar marayu uku, Haƙuri da 'Yar Sinja da Tsohuwa, waɗanda ruhsarsu za ta ƙare ƙarshen wata, ga tsinkar auduga ta ƙarato, kuma yanzu ba mai iya rantsuwa a kan ranar da aka juye musu mai. In mufattish ya ƙi, a inuwar gidana za su yi kakar bana kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsu.

Za a binne bangon gobe Juma'a bayan sallah a bayan garejina. Jibirin ne zai haƙa ramin, da hannunsa, a inda ƙasa ta fi tauri. Ana roƙon masu ta'aziyya kada kowa ya zo da kasko ko garwashi, kuma duk wanda ya ce mini "ai an samu lafiya" ya nemi wani gidan.

Ranar Litinin da sassafe Haƙuri za ta tashi zuwa Madani. Duk wanda ya san ya shaƙi shafi ya zo ya hau, har da jakin Abdussalami, a jera mu gaban mufattish ya duba abin da zai iya dubawa. Inna za ta zauna kusa da direba saboda gwiwarta. Ni ne zan fara shiga ofis, tunda hatimin bana a ƙirjina yake.