Fifitar Shayi a Gaban Kafili

Abokaina suka gayyace ni shayin la'asar a wani ƙasaitaccen gidan abinci a Abhur, can ƙasar Larabawa inda nake aikin injiniya, har da kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, wanda sabunta iƙamata, takardar izinin zamana, ke hannunsa. Shayi ya zo da zafi. Na ce, "Bari ɗan Kano ya koya muku fifita."

Na ɗauki kofunan tangaran biyu, na ɗaga hannu sama kamar mai shayin bakin tasha. Abokina Usman ya raɗa mini, "Halas, ya isa, ajiye!" Ina! Shayi ya tsallake kofi, ya sauka a farar jallabiyar kafili. Kafili ya dubi ƙirjinsa, ya dube ni, ya ce, "To, ya huce?"

Ya dai sabunta iƙamar. Amma har yau Usman na tambayata, "Injiniya aka rubuta a ciki, ko mai shayi?"