Gaisuwar Ladidi a Kaset ɗin Likita

Lokacin sanyi ne, shekarar da na zo garin Clinton, nan ƙasar waje, jegon autata Hadiza, kewar gida ta hana ni sakat. Na ce bari in aika wa mutanen Zariya gaisuwa a kaset, tunda wasiƙa wuni take ci mini.

Na ɗauko wani kaset a kwalin mijinta, Likita, na kunna. Ihu ne kawai da fito da tafi, can wani ya ja jita kamar kukan ƙyaure. Na ce wannan ai ya lalace. Na danna jan maɓallin naɗar murya, na gaida kowa a tsanake, tun daga kan Ladidi mai ciwon ƙafa.

Ashe wasan wasu tsofaffin makaɗan bulus ne, kiɗan baƙar fata na jihohin kudancin ƙasar nan, shi ya naɗa da hannunsa yana ɗalibi, babu wani kwafi. Kafin in aika da kaset ɗin, ya tara abokansa ya kunna, ana gama tafi sai muryata: "Salamu alaikum. Ladidi, ya ƙafar?"

"Ba komai, Mama," ya ce, ya fita cikin sanyin nan ko rigar kirki babu.

Washegari na soya masa ƙosai. Amma har yau, jikan nan ya shiga sakandare, baƙi na zuwa sai Hadiza ta ce, "Mama, a ɗan rera mana ta Ladidi mana." Haba, jama'a!